Taron Wata-Wata Shi Ne Makarantar Masu Jagorancin Yara a Sayam da Bakin Komadugu

A arewacin garin Difa, tafiyar kilomita kamar 45 cikin rairayi, akwai Sayam Foraj, a ƙasar Shetimari. A da makiyaya suka fi sanin wurin, saboda rijiyar burtsatsen da ta ba shi suna, da kuma cibiyar gwamnati ta kiwon shanun Kuri masu manyan ƙahoni. A ƙarshen watan Disamba na 2014 aka buɗe sansani a can domin ƴan gudun hijirar da suka tsallako Komadugu daga Najeriya, suna gudun ta'asar Boko Haram. Sannu a hankali sansanin ya zama gari mai dubban mutane, galibinsu kuwa mata ne da yara. Jaririn da aka shigo da shi a goye cikin wancan watan, yau ya wuce shekara goma, kuma bai san wani gari ba sai wannan.

Ana ba yaron nan abinci, ana duba lafiyarsa, an kuma gina masa lakwal. Amma daga lokacin da aka tashi lakwal zuwa faɗuwar rana, da duk tsawon babban hutu, yana hannun wanda ya fara kiran sa. Haka sa'o'insa suke a unguwannin Difa, da Geskeru, da Maine Sorowa, da rumfunan da suka jeru a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tun bayan harin Boso na watan Yuni 2016. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jihar da ta ga yadda aka ja ƴaƴanta zuwa daji da alkawarin babur da kuɗin aure ba ta bukatar a yi mata dogon bayanin wannan karin magana.

Daga cikin hanyoyin riƙe yara a waɗannan sa'o'i akwai ƙungiyar ƴan sukut. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ne ya fara ta a 1907, lokacin da ya kwashi yara kamar 20 zuwa tsibirin Brownsea, ya raba su ƙananan rukunai, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Yau ƙungiyar tana da mutane fiye da miliyan 50 cikin ƙasashe sama da 170. Ta shigo Nijar a 1947, ƙungiyar ƙasar nan kuma ta shiga babbar ƙungiyar duniya a 1996. Tsarinta bai zama baƙo ga ƴan Nijar ba, domin kuwa samariya ta rigaye ta: sarkin samari da mataimakansa sun daɗe suna tara matasa aikin gayya, kuma a zamanin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta gina ajujuwa, ta share garuruwa, ta dasa itatuwa.

Ko samariya ko sukut, abin yana tsayuwa ne a kan mutum guda, wato babban da ya yarda ya ba da lokacinsa kyauta. Wani mushen lakwal ne, wani ɗan kasuwa, wata ungozoma, wani kuma saurayi ne ɗan gudun hijira wanda yaƙi ya katse wa karatu. Ba su da albashi. Suna da kyakkyawar niyya, amma niyya ba ta koya wa mutum yadda ake tsayar da jini, ko yadda ake magana da yaron da ya ga an kashe ubansa. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun gane haka da wuri, shi ya sa tun 1919 suka buɗe wurin horon shugabanni a Gilwell, kusa da Landan. Horon farko na ƴan kwanaki ne. Abin da ke raya shi bayan an watse shi ne haɗuwar shugabanni sau ɗaya kowane wata, kuma wannan haɗuwa ita ta cancanci a kafa ta da gaske a Sayam da garuruwan bakin kogi.

Amfanin taron na fari shi ne koyon aiki kafin lokacinsa ya zo, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar Difa tana da tsarinta, kowane wata da haɗarinsa. Cikin sanyi da iskar hunturu, gobara ce ke cin rumfunan zana da tamfol. Taron da ya gabaci wannan lokaci sai ya zama na tazarar murhu da jikin rumfa, da ajiye rairayi a bokiti, da hanyar fitar da ƙananan yara. Da bazara sanƙarau ke zuwa, sai shugabanni su koyi alamunsa, wato zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, su san cewa mai su ba ya kwana a gida. Kafin damina a yi maganar gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata, da renon itatuwan da za a dasa ranar 3 ga Agusta. Komadugu kuwa ba ta cika da ruwan saman Difa. Ruwanta daga ƙasashen Kano da Jos yake gangarowa ta Haɗeja da Jama'are, shi ya sa take kai maƙura bayan an ɗauke ruwa. Ambaliyar watan Oktoba 2019 da ta 2022 sun cinye gonakin tattasai da shinkafa, sun raba dubban mutane da gidajensu. Shugaban da ya san wannan zai gargaɗi yaransa game da wanka a bakin kogi tun watan Satumba.

Kada a raina ƙananan darussa. A 2017 cutar shawara da ke bin gurɓataccen ruwa ta ɓarke a jihar Difa, ta fi yin kisa cikin mata masu ciki. Yara ne ke ɗebo ruwa a yawancin gidaje. Idan shugaba ɗaya ya koyi wanke jarka da rufe randa, ya nuna wa yara 30, darasin ya shiga gidaje 30 kafin magariba. Haka ruwan gishiri da sukari na mai zawo: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya ji wannan awo sau ɗaya a wajen horo yana iya juya shi bayan shekara, ya cika gishiri ya cuci yaro. Wanda ya dama shi da hannunsa a gaban ƴan'uwansa shugabanni, aka gyara masa, ba zai manta ba. Saboda haka taron wata na aikin hannu ne: a ɗaure, a dama, a auna, a ɗauki majinyaci a kan gadon sanda, har kowa ya iya.

Amfani na biyu shi ne shawara. Shugaban da ke shi kaɗai a unguwarsa yana gamuwa da abin da babu shi a littafi. Yaro ya daina zuwa domin an tura shi itace. Yarinya ta ɓace daga rukuni domin an sa ranar aurenta. Yaran gari sun ƙi zama tabarma ɗaya da yaran sansani. An kawo yaron da ubansa ya tuba ya fito daga daji, ya bi ta cibiyar Gudumariya, sauran iyaye kuma suna gunaguni. Irin waɗannan matsaloli su ke sa mai aikin sa kai ya yi sanyi, ya janye ba tare da ya gaya wa kowa ba. A taron wata zai tarar da wanda ya riga shi shan wannan ruwa, ya ji yadda aka bi ta wajen liman, ko mai unguwa, ko shugabar mata, aka warware. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amfani na uku ya fi nauyi, ko da yake ba a cika son faɗar sa ba. Wanda aka ba amanar ƴaƴan mutane, dole a san abin da yake yi da su. A 2017, a babban taronta na Baku, ƙungiyar sukut ta duniya ta amince da ƙa'idar kare yara daga cutarwa, ta ɗora wa kowace ƙasa aiki da ita. Ƙa'ida a takarda ba ta tsare kowa sai ana maimaita ta: kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, kada a yi duka, kada a tura yara aikin gidan shugaba, rukunin ƴan mata ya kasance da mace a kansa. Mutumin da ya san cewa kowane wata zai tsaya gaban ƴan'uwansa ya faɗi inda ya kai yara da abin da suka yi, zai kiyaye. A nan ne kuma za a riƙa tunasar da kowa cewa ɗan sukut ba soja ba ne, ba ɗan banga ba ne, ba a kuma aiken sa leƙen asiri. Idan yaro ya ga baƙon ƙarfe a hanya, abin da aka koya masa shi ne kada ya taɓa, ya koma ta inda ya biyo, ya gaya wa babba. Duk wanda ya ɗora wa yaro fiye da haka a jihar da ake binne nakiya, ya sa rayuwarsa cikin haɗari.

Na huɗu, taron yana tanadin magada. Mutanen sansani ba mazauna dindindin ba ne; a watan Yuni 2021 an fara mai da mutanen Baruwa garinsu, wasu kuma sun koma Damasak da Malam Fatori. Ma'aikaci ma ana yi masa canjin wurin aiki. Rukunin da ya dogara ga mutum ɗaya yana mutuwa ranar da mutumin ya hau mota. Idan kowane shugaba yana zuwa taro da mataimakinsa, to ranar tafiya akwai mai karɓa, wanda ya tafi kuma ya tafi da sana'ar da zai kafa a garinsu.

Akwai cuta guda da za ta iya kashe wannan taro tun yana jariri, ita ce kuɗin zama. Shekarun agaji sun saba wa mutane da cewa ba a zuwa taro sai da ambulan a ƙarshe. Taron da aka gina a kan ambulan yana ƙarewa ranar da kuɗin mai ba da taimako suka ƙare, kuma yana jawo waɗanda ba yara ne a gabansu ba. Taron wata bai bukaci otel ba. Aji ɗaya ya isa, ko inuwar bedi, da awa biyu ko uku, da rana tsayayya wadda kowa ya sani. Abin da ya kamata a biya shi ne kuɗin motar wanda ya fito daga nesa, domin hanyar Sayam ba ta ƙafa ba ce.

A nan nauyi ya hau kan hukuma. Tun watan Fabrairu 2015, bayan harin da aka kai Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka yi ta sabunta ta, aka taƙaita zirga-zirga da taruwar jama'a. Tsaro yana da hujjarsa. Amma ferefe da magajin gari suna iya ba da izni na shekara guda ga taron da aka san ranarsa da wurinsa da masu zuwansa, maimakon a riƙa neman takarda kowane wata har mutane su gaji. Darektan lakwal ya buɗe aji. Ma'aikatan lafiya, da na gandun daji, da ƴan kwana-kwana, kowa ya karɓi wata ɗaya cikin goma sha biyu ya zo ya koyar da abin da ya sani. Ma'aikatan matasa na jiha su riƙa leƙawa, su saurara fiye da yadda za su yi jawabi.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su ma suna da gurbinsu. A zaman shugabannin nan za a tarar da Barebari, da Fulani, da Buduma, da Tubawa, da Larabawa. Wani ya yi lakwal da Faransanci, wani da Ingilishi, wani allo kaɗai ya yi. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, ita ce kuma dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga zuwa harshen ƙasa. Mai takardar shaidar yaƙi da jahilci shi ya dace ya riƙe littafin taro: ya rubuta waɗanda suka zo, da darasin da aka yi, da alkawarin da kowa ya ɗauka, a karanta a farkon zama na gaba, a fassara wa wanda bai ji ba. Da wannan littafi ake gane alkawarin da aka cika da wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, karatun mai rubutun kuma ba zai yi tsatsa ba.

Iyaye kuma su tambaya. Uban da ya ba da ɗansa yana da ikon sanin ko shugaban yaron yana zuwa taron wata, da abin da ya koyo a can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarar ya iya, in ba haka ba ya karya. Allah ya zaunar da jihar Difa lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya shirya zuriya.