Ba Zan Aiko Da Allurar Hana Tsufa Ba

Gaisuwa daga Hindawiyya.

Masu roƙona in sayi "allurar hana tsufa" in ba alhazai su kai maku gida, ku yi haƙuri, ba zan saya ba. Botox guba ce da ake samu daga ƙwayar cuta. Tana sanyaya naman fuska, tamoji su ɓuya wata 3 ko 4, sannan su dawo, a sake biya. Aikin likita ne, ba na mai lalle ba. A 2024 an kwantar da mata a asibiti a Amurka saboda jabunta.

A nan Saudiyya, a gasar raƙuma ta Sarki Abdul'aziz, an kori raƙuma 12 a 2018, sama da 40 a 2021, saboda irin wannan allura. Abin da aka kira algus a fuskar raƙumi, yaya zai zama ado a fuskar Hajiya?

Na san tsoron kishiya ke tura wasunku. Wallahi mijin da ya yi niyyar ƙara aure, allura ba ta tsayar da shi. Ku riƙe kuɗinku.

A gaishe da yara. Wassalam.