A riƙa sanar da mu canjin ma'aikatan likita

Malam Edita,

Ina da roƙo biyu ga hukumar kiwon lafiya ta jihar Maraɗi da gundumar lafiya ta Madarunfa.

Na farko, a riƙa sanar da mu. Canjin wurin aiki ba laifi ba ne, amma talaka ba ya jin labarinsa sai ya iso bakin ƙofar asibiti. Mace ta goyo yaro jikinsa zau, ta biya kuɗin kabu-kabu, ta tarar majo, wato ma'aikacin jinyar da ya san ciwon ɗanta, an ɗauke shi, wanda zai canje shi bai iso ba. Da an faɗa a rediyo, ko an aika wa masu gari da limamai, ai da ta san inda za ta dosa.

Na biyu, don Allah a guji canji daga Yuli zuwa Oktoba. Lokacin ne masassarar cizon sauro da tamowa ke cika asibitin Madarunfa da na Ɗan Isa, har da yara daga ƙetaren iyaka. Tun 2006 ake duba ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma sai da ma'aikaci a wurin. Idan an canja ungozoma ta Gabi ko Safo kuwa, kafin mata su saki jiki da sabuwa ana ɗaukar watanni.



Mai karatunku,
daga Madarunfa