Mu Gani a Ƙasa: Lissafin Mai Biyan Kuɗin Kallon Yorkshire

Duk ƙarshen hunturu, tun ciyawar filin Headingley ba ta gama tsanewa ba, magoya bayan ƙungiyar kurket ta Yorkshire kan fara maganar da suka saba. Bana tamu ce. Muna da Joe Root da Harry Brook. Ga kuɗi sun shigo. Ni ma mamba ne, a Leeds nake zaune, kuma daga albashina kuɗin kati ke fita. Kafin in sabunta na bana, na ɗauko biro da takarda. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Mu fara da kofi, tunda shi ake yi wa kirari. Yorkshire ta ci gasar gundumomin Ingila sau 32 ita kaɗai, ta raba ɗaya da Middlesex a 1949. Jimla 33. Babu ƙungiyar da ta kamo ƙafarta, wannan kam gaskiya ne. Amma a duba shekarun. Guda 30 daga ciki an ci su ne daga 1968 zuwa baya. Daga 1969 zuwa 2025 shekara 57 ke nan, kofi kuwa 3: na 2001, na 2014, na 2015. Raba 57 gida uku, ka samu 19. Kofi ɗaya duk shekara 19. Tun da aka kasa gasar rukuni biyu a 2000, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2002, da 2011, da 2022. Kofi uku, faɗuwa uku. Ta farkon ma shekara ɗaya tak bayan ɗaga kofi ta zo.

Rukuni na ɗaya ƙungiya 10 ne. Ɗaya ke ɗaukar kofi, biyu ke gangarawa. Ko ƙuri'a aka jefa, ƙofar ƙasa ta ninka ta sama faɗi.

To, kakar 2025 fa? Kowace ƙungiya wasa 14 take bugawa, kowane wasa kwana 4. Nasara maki 16 ce, canjaras 8, sannan akwai ƙarin maki har 8 na iya bugu da iya jifa. Yorkshire ta ci 4, aka ci ta 4, ta yi canjaras 6. Huɗu sau 16, 64. Shida sau 8, 48. Maki 112 kafin a sa na ƙari. Ta ƙare ta bakwai. Surrey da ta ɗauki kofin 2024 wasa 8 ta ci, ninkin namu cif.

Mu buɗe cikin nasarorin huɗun. Duka a gida aka same su, ba ko ɗaya a waje. Biyu daga ciki a kan Worcestershire da Durham ne, kuma su ne ƙungiyoyi biyun da suka faɗi a ƙarshen kakar. Worcestershire an doke ta da ratar gudu 504 a watan Afrilu, ratar da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Mun yi tafi har hannu ya yi zafi. Maki nawa aka ba mu a kan nasarar? Goma sha shida, daidai da wanda ya tsallake da gudu ɗaya. Ita kuwa Durham a wasan ƙarshe aka ci ta, kuma har aka shiga makon wasan lissafin faɗuwa bai sake mu ba. Wani zai ce ai Leicestershire da Glamorgan da suka hau rukuni na ɗaya su ma lagwada ce. A ce haka ne. Huɗu dai na nan a huɗu. Kafin a kai takwas sai duk wasannin da aka ci mu sun koma nasara, ko kuma huɗu daga canjaras shida. Wanda ya ce bana tamu ce, ya nuna mini waɗanne huɗun.

Sai taurari. Root da Brook 'yan Yorkshire ne, hotonsu ne a ko'ina. Amma kwantiraginsu na hannun hukumar kurket ta Ingila, ECB, ita ke cewa yau ku buga, gobe ku huta. Brook ma tun Afrilun 2025 shi ne kyaftin ɗin Ingila a gajerun wasanni. A Yulin 2025 Root ya wuce gudu 13,378 na Ricky Ponting, ya zama na biyu a duniya a wasannin kwana biyar na ƙasa da ƙasa. A ina? A Old Trafford, filin Lancashire, tsofaffin abokan hamayyarmu, sanye da rigar Ingila. A wancan makon Yorkshire tana Scarborough tana fama da Surrey ba tare da shi ba. Gudunsa dubu goma sha uku da ɗoriya ko ɗaya ba ya hawa teburin gunduma. Wanda ya sayi kati don ya kalli Root, to ya yi addu'ar a sake shi a Afrilu ko farkon Mayu.

Yanzu mu zo aljihu, inda abin ya fi shafarmu. Mu sa kuɗin kati fam 280 don lissafi ya zo da sauƙi. Kowa ya cire ya sa nasa. Wasan gida 7 ne, kwana 4 kowanne, kwana 28. Fam 10 a rana. A takarda araha ce.

Amma gida kala-kala ne. A 2025 wasa 4 aka yi a Headingley, 1 a York, 2 a Scarborough. Daga Leeds zuwa Scarborough ya haura kilomita 100, ga kuɗin jirgin ƙasa, ga na masauki in mutum zai kwana. Mazaunin Leeds da ba zai yi tafiyar York da Scarborough ba kwana 16 ya rage masa. Fam 280 a kwana 16, fam 17 da rabi. Wasan kwana huɗu, komai yadda aka tsara shi, kwana biyu kaɗai zai iya cin Asabar da Lahadi. Wasu ma, musamman na Satumba, a tsakiyar mako suke farawa su ƙare. Mu yi wa jadawali adalcin da ya wuce kima mu ce rabi: kwana 8. Fam 35. Cire kwana biyu na ruwan sama da na wasan da ya ƙare a rana ta uku. Saura 6. Kusan fam 47 a rana. Daga 10 mun kai 47, ba a sha ko shayi ba.

Mai cewa sai a ɗauki hutu a wurin aiki, ya tuna hutun da dokar Birtaniya ta tilasta a ba cikakken ma'aikaci kwana 28 ne a shekara, kuma mai aiki na iya lissafa ranakun hutun ƙasa a ciki. Ga mu nan da iyali a gida, da Sallah biyu, da zuwa ganin dangi. Shi ya sa in ka shiga filin ranar Talata furfura za ka gani jere.

Na zauna a irin ranar a Afrilu. Riga uku a jikina, hular sanyi, fulas ɗin shayi tsakanin ƙafafu. Wani dattijo a gefena da littafin rubuta gudu da fensir, ya lulluɓe gwiwa da bargo. Aka yi jifa na kamar minti arba'in, yayyafi ya sauko, ma'aikata suka jawo tamfol suka rufe tsakiyar fili. Ruwa ya ɗauke, alƙalai biyu suka fito da na'urar auna haske, suka ɗaga kai suka dubi sama, suka koma. Da na dawo gida uwargida ta ce, "Maigida, wa ya ci?" Na ce ai yau rana ta biyu ce. Ta ce, "To jibi fa?" Na ce mai yiwuwa canjaras. Ta dube ni, ta ci gaba da yanka albasa.

Gaskiya ne wasu katunan kan haɗa da gajerun wasanni, kuma hakan na rage tsadar. Sai dai can ma a duba. Gasar T20 ta gundumomi an fara ta a 2003. Kaka 23 zuwa 2025, Yorkshire ba ta taɓa ɗauka ba. Sau ɗaya ta kai wasan ƙarshe, a 2012, Hampshire ta doke ta. Gasar yini ɗaya kuma a Agusta ake yin akasarinta, lokacin da gasar The Hundred ta kwashe manyan 'yan wasa ta kuma mamaye Headingley.

Saura batun kuɗin da aka ce sun shigo. A 2025 kamfanin Sun Group na Indiya, masu ƙungiyar Sunrisers Hyderabad, ya sayi ƙungiyar The Hundred ta Leeds, Northern Superchargers, baki ɗayanta a kan kimanin fam miliyan 100. Adadin da ke yawo a bakin magoya baya ke nan. Amma kashi 49 na ECB ne. Saura miliyan 51. Daga ciki a fitar da rabon ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da na sauran gundumomi. Sannan a biya bashin Yorkshire, wanda na asusun iyalan shugabanta a lokacin, Colin Graves, kaɗai ya kusa miliyan 15. Kada a manta daga inda aka fito: a 2023, bayan abin da tsohon ɗan wasan ƙungiyar, Azeem Rafiq, ya fallasa na wariyar launin fata, an ci Yorkshire tarar fam 400,000, aka jingine 300,000, aka zaftare mata maki 48, daidai da nasara uku. Abin da ya yi saura ma ba a iya juye shi a kan 'yan wasa, domin akwai iyakar albashin da aka gindaya wa gundumomi, kuma baƙi biyu kaɗai doka ta yarda a sa a wasa ɗaya. Cinikin kuwa sau ɗaya ne. Wanda ya sayar da gona ya ga kuɗi bana, baɗi ba shi da dami a cikinta. Ga shi kuma wasannin Ashes na 2027 tsakanin Ingila da Ostareliya, waɗanda ke cika fili da aljihu, babu Headingley a jerin.

Hasashena na bana: nasara huɗu ko biyar, matsayi tsakanin na biyar da na takwas, da fargabar Satumba kamar kullum. Kai kuma ɗan'uwa mai biya, kafin ka sabunta, ɗauko jadawali ka ajiye shi kusa da kalandar aikinka, ka yi alama a ranakun da lallai za ka iya zuwa. Nawa bakwai na samu. Tambayi kuɗin tikitin rana ɗaya a ƙofa, ka ninka shi da adadin naka, ka gwada da kuɗin kati. Wanda ya fi sauƙi shi za ka saya.