Tseren moto bisa jiƙaƙƙen rairai: kwana uku a bakin tekun Faransa

Kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu, lokacin da hunturu ke busar da leɓɓan mutane a Damagaram da Tawa, masu moto fiye da dubu suna taruwa a wani ƙaramin gari na arewacin Faransa mai suna Le Touquet, wanda ake faɗa Tuke. Garin yana bakin tekun da ta raba Faransa da Ingila, kuma mazaunansa ba su kai dubu 5 ba, amma a wannan ƙarshen mako ƴan kallo dubbai bisa dubbai suke cika shi. Abin da ke tara su tsere ne na awa 3 bisa rairan bakin teku. Lokacin kuwa lokacin ɗari ne da ruwan sama a can: zafin iska bai cika wuce digiri 7 ko 8 ba, kuma sau da yawa yayyafi da iskar teku ne suke tarbar baƙi.

Wannan tsere yana da dangantaka da Nijar. Wanda ya ƙirƙiro shi cikin shekara ta 1975 shi ne Thierry Sabine, mutumin da ya kafa tseren Paris-Dakar a ƙarshen 1978, tseren da dattawan Agadas da Yamai suka sha ƙurarsa shekara da shekaru. Sabine ya mutu ran 14 ga Janairu 1986 cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali, aka ƙone gawarsa bisa al'adar wasu Turawa, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo cikin Tenere, wadda ake kira da sunansa tun daga lokacin. Paris-Dakar ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Tseren Tuke kuwa yana nan inda aka haife shi. A karo na farko mutum 286 ne suka tashi. Yanzu sun ninka haka fiye da sau uku.

Cikin wannan taro, waɗanda tsere ne sana'arsu, kamfanonin moto suna biyan su albashi, ƴan kaɗan ne. Sauran duka masu yi don sha'awa ne: makanikai, magina, manoma, direbobin kamiyo, ma'aikatan ofis. A ɗauki ɗaya daga cikinsu misali, ba sai an ba shi suna ba, domin irinsa ɗaruruwa ne. Yana da aikinsa daga Litinin zuwa Juma'a, yana da iyali, kuma kowane abu da ke jikin motonsa daga aljihunsa ya fito. Ɗan kasuwa zai so ya ji lissafin. Sabon moto na tsere irin mai ƙarfin 450 yana kai wajen yuro dubu 10, wato fiye da sefa miliyan 6 da rabi, tunda yuro ɗaya ya kusa sefa 656. Shi ya sa mutumin nan na hannu yake saya. Bayan wannan sai takardar izini ta ƙungiyar tseren moto ta Faransa, da shaidar likita, da kuɗin shiga, da taya ta musamman mai haƙora kamar cokula domin kwasar rairai, da esansi, da wurin kwana. Idan ya gama tseren lafiya, ba za a ba shi ko dala ba. Ya san da haka tun kafin ya bar gida.

Yakan iso ran Juma'a, moto ɗaure cikin bayan mota, tare da matarsa ko ƙanensa ko wani abokin aiki wanda zai zama yaron gareji na kwana biyu ba tare da lada ba. Aikin farko shi ne layin bincike: a duba takardu, a duba hular kwano, a gwada ƙarar moto kada ta wuce ƙa'ida. Da an gama sai a kai moto wani fili mai shinge inda zai kwana, babu mai ikon taɓa shi. Ma'anar wannan ita ce duk wani shiri na ruwa sai an yi shi kafin a san ko ruwan zai zo. Ya shafe maiko a duk inda waya ta haɗu da waya. Ya toshe kafofin akwatin matatar iska yadda ruwa ba zai shiga ba, amma ba toshewar da za ta shaƙe injin ba, kuma sanin iyakar wannan shi ne rabin gwaninta. Wasu suna cusa soso a lungunan da jiƙaƙƙen rairai zai maƙale ya ƙara nauyi. Daga nan babu abin da ya rage sai kallon sama da sauraren masu hasashen yanayi, a kwana ido biyu ana jin ruwa yana dukan rufin mota.

Wani abu da zai ba wanda bai sani ba mamaki shi ne, mutumin nan ba ƙin ruwan yake yi gaba ɗaya ba. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san dalili: rairai da asuba, yana da sanyi da ɗan raɓa, ya fi ɗaukar mota bisa rairan azahar da ya bushe ya saki. Ruwa kaɗan yana ɗaure ƙwayoyin rairai da juna, ƙasa ta yi tauri, taya ta samu abin kamawa. Ga gwani, busasshen rairai ba matsala ba ne, domin yana gudun da moto ke tashi bisa shi kamar kwalekwale. Ga mai sha'awa wanda gudunsa bai kai haka ba, busasshen rairai rami ne mai haɗiye tayar gaba. Saboda haka yayyafin daren Asabar alheri ne gare shi. Amma alherin yana da ma'auni. Idan ruwa ya wuce abin da rairai zai iya sha, sai ƙwayoyin su rabu, ƙasa ta koma kunu, kwaruruka su cika. Bugu da ƙari, bakin tekun nan yana da nasa ruwan ko da sama ba ta zubar ba: teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma duk lokacin da ta janye tana barin dogayen kududdufai na ruwan gishiri tsakanin tudun rairai da tudun rairai. Lokacin tashi ma da janyewar teku ake daidaita shi, ba da son ran masu shirya gasa ba.

Ran Lahadi ana fito da su ayari guda daga filin da moto suka kwana, a ratsa gari da su zuwa bakin teku. Gwanaye suna gaba, mutumin nan yana can baya cikin ɗaruruwa. Da an ba da alama sai ƙasa ta ɗauki rawa. Farkon hanya miƙaƙƙe ne na kilomitoci, inda na gaba suke wuce kilomita 150 a awa. Na baya ba ya ganin komai sai farin hayaƙi na ruwa da rairai da tayoyin ɗaruruwan moto suke watso masa, yana dukan ƙirji da wuya kamar tsakuwa. A kwanar farko da tudun farko hanya takan cushe kamar ƙofar kasuwa ran cinta. Wanda ya faɗi a nan, sai ya ɗaga moto mai nauyin fiye da kilo 100 yayin da wasu suke wucewa dama da hagu da shi.

Abin da ya fi kayar da mai sha'awa ranar ruwa ba injin ba ne, ba kuma ƙarfin jiki ba. Ido ne. Tabaraun tsere yana da wata siririyar leda naɗe a gefe. Idan gilashi ya ɓaci sai mutum ya ja zare, sabuwar leda ta maye gurbin mai datti. Dabara ce mai kyau ranar da babu ruwa. Ranar ruwa kuwa, ɗigo ɗaya ya shiga tsakanin leda da gilashi ya isa: ledar ta manne, ko ta tsinke, ko tururin numfashi ya rufe gilashin daga ciki. To sai mutum ya zaɓa. Ko ya ci gaba yana gani dishi-dishi cikin taron moto, ko ya cire tabarau ya bar idonsa ga rairai da gishiri. Da yawa suna cirewa, kuma da yamma ana ganin su da jajayen idanu a tantin likitoci ana wanke musu. Gwani yana samun sabon tabarau duk lokacin da ya tsaya, cikin daƙiƙoƙi, daga hannun mutanen da aikinsu ke nan. Mai sha'awa yana da guda biyu ko uku cikin jakar leda, kuma sai ya yi tattalinsu kamar guzurin matafiyi.

Sai kududdufai. Babu wanda ya san zurfinsu bayan moto dubu sun bi ta ciki sun haƙe ƙasan. Idan aka shiga a hankali taya ta nutse. Idan aka shiga da wuta ruwa ya tashi ya rufe moto da mai shi. Da ruwa ya sami hanya ta matatar iska zuwa cikin injin, moto ya mutu nan take. Maganin sananne ne ga kowane makanike daga Maraɗi har Faransa: a cire buji, a juya moto ƙafafu sama, a yi ta murza injin har ruwan ya fita, a goge buji a mayar. Yin haka cikin gareji aiki ne na ɗan lokaci. Yin sa a bakin teku, da yatsun da ɗari ya sandarar, agogo yana tafiya, wani abu ne dabam. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi ban haushi: jiƙaƙƙen rairai yana toshe radiyato, iska ta daina wucewa, injin ya yi zafi ya tafasa ruwansa, a ranar da mai shi yake rawar ɗari.

Wurin ƙara esansi shi ne kaɗai wurin hutu. Ya kashe injin, ƙanen ya ɗaga jarka, matar ta miƙo busasshiyar safar hannu da ruwan sha. Gwanaye suna gama wannan kafin a ƙirga goma. Shi kuwa yakan zauna minti biyu ko uku yana mayar da numfashi, kuma a nan ne mutane da yawa suke yanke shawarar ba za su koma ba. Wanda ya koma zai tarar da hanyar ta sauya. Bayan awa ɗaya da rabi babu sauran shimfiɗaɗɗen wuri. Rairai ya zama kunya-kunya masu zurfi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani. Ƙa'idar tuƙi a nan ita ce a tsaya bisa ƙafa, a mayar da nauyi baya, kada a saki wuta, domin da an saki tayar gaba za ta nutse. Amma tsayuwar tana cin cinyoyi, riƙon yana sa hannuwa su ƙage har mutum ya kasa matsa birki, kuma rigar da ta sha ruwa ta ƙara nauyi. Sai ya zauna, da ya zauna sai ya faɗi, kowace faɗuwa kuma tana cinye ƙarfin da zai hana ta gaba.

A cikin wannan hali ne na gaba suke riskarsa su wuce, ba sau ɗaya ba. Wanda zai ci tseren yana yin zagaye fiye da goma. Mai sha'awa na tsaka-tsaki ya yi rabin haka ya gode. Mutane irin su Kees van der Ven na ƙasar Holan, wanda ya ci sau biyar a jere daga 1982 zuwa 1986, da Arnaud Demeester wanda ya ci sau bakwai, sun yi suna ne wajen iya ratsa wannan taro na gajiyayyu kamar yadda suka yi suna wajen gudu. Ana iya tambaya ko hikima ce a haɗa mai gudun iska da wanda ba ya ganin gabansa bisa hanya ɗaya. Haɗarin gaskiya ne, kuma rairai bai bar ma gwanaye ba: Timoteï Potisek, wanda ya ci tseren a 2006 da 2009, ya mutu a Nuwamba 2009 bayan haɗarin moto bisa rairai kusa da Dunkerque, yana da shekara 25. Amma in aka cire masu sha'awa, abin da zai saura tsere ne na mutum hamsin irin wanda ake yi ko'ina, kuma ba domin mutum hamsin jama'a suke tsayuwa awa 3 cikin ruwa ba. Yawansu ne ya yi wa tseren suna, kuɗin shigarsu yana cikin abin da ke riƙe da shi, kuma ranar da sama ta zubo su ne suke biyan mafi tsada.

Tun 2006 ma hanyar ta ƙara matsowa kusa da ruwa. Da can tseren yana ratsa manyan tuddan rairai na bayan gaɓa, har da wani matsattsen wuri da ya shahara inda ɗaruruwan moto suke cushewa. Masu kare muhalli suka yi ta ƙorafi cewa ana lalata tuddan da ciyayinsu, aka fitar da hanyar daga cikinsu, aka mayar da ita bisa gaɓar teku, aka kuma sauya sunan gasar zuwa Enduropale. Yanzu katafila ce take gina tudu da kwana kafin ranar. Idan iska ta turo teku ta dawo da wuri, masu shirya gasa suna iya tsayar da tseren kafin awa 3 ta cika.

Da na farko ya ƙetare layi, ana tsayar da kowa a inda ya iso layin, a ƙirga masa zagayensa. Mutumin nan zai nemi lambarsa cikin doguwar takardar sakamako, wataƙila wajen na ɗari shida ko na ɗari bakwai, kuma abin da yake dubawa shi ne ko tana cikin waɗanda suka gama ko cikin waɗanda suka bari. Aiki bai ƙare ba tukuna. Gishiri ba ya jiran gobe: a daren nan sai an wanke moto da ruwan daɗi, in ba haka ba tsatsa ta kama shi kafin mako ya zagayo. Sarƙa da haƙoranta sun cinye, takalman birki sun ƙare, sai an zubar da man injin an duba ko ya yi fari, alamar ruwa ya shiga. Daga nan a ɗaure moto cikin mota, a kama hanyar gida cikin dare, domin ran Litinin da safe ana jiran sa wurin aiki.