Gawasa na tsufa babu magajiya

Gawasa, wadda masana tsirrai ke kira Neocarya macrophylla, itaciya ce ta Afirka ta Yamma mai faɗin ganye, wadda tsayinta bai cika wuce mita 10 ba, kuma ta fi son rairayin da ruwa ke kusa a ƙarƙashinsa. Wannan zaɓen wuri ne ya sa ba a ganinta ko'ina, sai a yankuna irin su Senegal da Gambiya da wasu sassan Arewacin Nijeriya, da kuma Dallol Bosso a jihar Dosso ta Nijar, wato tsohon kwarin kogi da ya ƙafe amma damshinsa bai yi nisa ba.

'Ya'yanta masu kaushin baya ne, naman cikinsu gari-gari da ƙamshi mai ƙarfi, amma dukiyar tana cikin ƙwallon nan mai tauri, domin idan aka fasa shi ana samun ƙwaya mai yawan mai wadda ake ci kamar gyaɗa. Hatta audugar da ke kewaye da ƙwayar ba a zubar da ita a da, tunda da ita ake kama wutar ƙyastu kafin ashana ta yawaita.

Wannan amfani shi ne ya zame mata matsala, saboda mata da yara suna tsince 'ya'yan kaf su fasa ƙwallayen, 'yan tsirarin da suka tsira kuwa awaki su cinye ko garma ta tumɓuke su, har ya zamana yawancin itatuwan da ke tsaye a gonaki tsofaffi ne, ƙanana kaɗan ne ke tasowa a bayansu. Laifin ba na mai tsinta ba ne, wadda da kuɗin gawasa take sayen gishiri da sabulu.

Giɓin yana wurin masu tsara dashe, waɗanda gandayen renonsu suka cika da dogon yaro da turare don saurin girmansu, alhali babu wanda ke ba da abin ci. Manoman Maradi sun nuna tun daga shekarun 1980 cewa sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi maimakon sare shi, yana dawo da itatuwa ba da tsada ba. Ya kamata shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya sa gawasa cikin irin da yake reno, ya kuma biya manomin da ya killace tsironta har ya fi ƙarfin akuya.