Wayar Kece Raini da Mizanin da Muke Auna Mutane da Shi

Duk wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi da la'asar sakaliya, ya biyo ta titin Zariya ko ya sako ta Dangi har ya isa kasuwar waya ta Farm Centre da ke cikin ƙaramar hukumar Tarauni, in dai ya tsaya ya kasa kunne ga cinikin da ake ƙullawa a bakin rumfuna, zai lura cewa masu sayen nan, ko da yake haja ɗaya suke tayawa, buƙatu biyu ne mabambanta suka kawo su. Akwai wanda tambayarsa ita ce kwana nawa batirin yake yi, layi nawa take ɗauka, in ta faɗi ana samun gilashinta da araha. Akwai kuma wanda ba ya tambayar ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya juya bayanta ya ƙirga idanun kyamara, ya tambayi lambarta, wato ta goma sha nawa ce, domin abin da ya zo saye, a haƙiƙanin al'amari, shi ne kallon da mutane za su yi masa idan ya ajiye ta a gabansa a majalisa. Matasa da kansu sun raɗa wa wannan suna, suna cewa wayar kece raini, ƙaramar mai madannai kuwa sun yi mata laƙabin da ba zan so in rubuta shi a jarida ba.

Mas'alar da ake yawan jayayya a kanta ita ce, shin wayar hannu har yanzu alama ce ta daraja, ko kuwa ta zama kayan aiki irin na kowa? Amsa ba ta samuwa sai an waiwayi baya kaɗan. Kafin shekarar 2001, lokacin da galibin tarho yake hannun NITEL, layukan da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100, saboda haka gidan da ke da lamba mai farawa da 064 a Kano, ba a bukatar a tambayi matsayin mai shi. A watan Janairu na 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, aka riƙa sayen layi kaɗai, ban da wayar, a kan wajen naira 20,000, a zamanin da mafi ƙarancin albashi yake naira 5,500, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da gaisuwa kawai ka yi ka katse. A wancan lokaci babu mai musun cewa waya alamar wadata ce, har masu ita sukan rataya ta a ƙugu ko a wuya don kada ta ɓuya a aljihu, talaka kuwa sai ya je gindin lema ya biya a buga masa.

Wannan zamani bai daɗe ba. Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, layi ya yi ta araha har ya kusa zama kyauta, Nokia mai tocila ta shiga ƙauyuka, sa'an nan kamfanin Transsion na ƙasar Sin ya cika kasuwa da Tecno da itel da Infinix masu layi biyu, waɗanda aka ƙera da sanin aljihun mutanen Afirka. Yau layukan da ke aiki a Nijeriya sun haura miliyan 150. Fuƙaha'u, kamar yadda Imamu Shaɗibi ya shimfiɗa a Muwafaƙat, sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku: akwai na larura waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, akwai na bukata waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci da mashaƙƙa, akwai kuma na ƙawa. To, waya ta faro daga gida na uku, cikin shekara ashirin ta ƙaura zuwa na biyu, wanda kuwa ya ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin da canjin takardun kuɗi ya sa naira ta ɓace daga hannun jama'a, mai shayi da mai kayan miya a kasuwar Tarauni da direban adaidaita sahu duk suka koma karɓar tiransifa, ya san tana ƙwanƙwasa ƙofar na farko. Ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai da lamba, majinyaci a Asibitin Malam Aminu Kano da ita yake neman wanda zai ba shi jini ko ya turo kuɗin magani, matar aure da ke cikin gida a Darmanawa ko Unguwa Uku da ita take tallar turaren wuta da atamfa ba tare da ta ɗora wa 'yarta farantin talla ba. Mallakar waya kurum, ashe, ta daina zama abin taƙama tuntuni.

Sai dai zuciyar ɗan Adam, wadda aka halitta da son fifiko, idan abu ya zama na kowa ba ta haƙura, sai ta nemi wani tsani a cikinsa ta hau. Da waya ta game gari sai taƙama ta koma kan irinta: an yi yayin BlackBerry, wanda budurwar da ba ta da lambar sirrinsa ake ganin an bar ta a baya, ya zo ya wuce kamar ba a yi ba, yanzu kuma iPhone ce da manyan Samsung ke bisa gadon. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta taɓa haura 1,500, sabuwar iPhone ta ƙoli ta wuce naira miliyan biyu, alhali mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci ke nan, ko da zai tara albashinsa duka, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya shekara biyu da ɗoriya kafin ya riƙe ta. Duk da haka muna ganin ta a hannun wanda ba shi da ko wannan albashin, kuma nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi nazari.

Ba na cikin masu cewa son abu mai kyau aibi ne. Addininmu bai hana ado ba, malamai kuma sun bambance tsakanin son kyakkyawar tufa da takalmi, wanda halas ne, da girman kai, wanda asalinsa ƙin gaskiya ne da raina mutane. Attajirin Kwari ko Singa da ya sayi waya mai tsada daga halaliyarsa, ya fitar da zakka, ya sauke haƙƙin iyalinsa, babu wanda ke da hujjar zarginsa, haka nan mai ɗaukar hoto ko mai tallar kaya wanda kyamarar wayar ce jarinsa. Kuma Hausawa ba yau suka fara sanya alamomin daraja ba: an yi doki da kayansa, an yi riga aska takwas da rawani, an yi keken Raleigh da akwatin rediyo, an yi jeren tasoshi da langa a ɗakin amarya, an yi Fijo ƙirar Kaduna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, tun a farkon ƙarni na 19, ganin yadda wasu daga cikin jama'ar jihadi suka karkata ga dawaki da tufafi da neman muƙami ne ya sa ya bar su ya nufi gabas, har ya yada zango a nan Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkami. Cutar tsohuwa ce.

Amma akwai bambanci biyu tsakanin alamomin da da wannan ta yanzu, kuma su ne dalilin wannan rubutu. Na farko, alamar da tana tafe da haƙƙi a kan mai ita. Wanda ya ɗaure doki a ƙofar gida ya san zaurensa ba zai rabu da baƙi ba, kuma akushi zai riƙa fita safe da dare; mai babbar riga ana sa ran wata rana zai tuɓe ta ya ba wani; mai rediyo a ƙofar gida yake ajiye ta, unguwa ta taru a ji labarin duniya tare; mai tarhon NITEL kuwa yaronsa ne ke zagawa gida-gida yana cewa wane ya zo, an bugo daga Makka ko daga Ikko, kuma ba a biyan ko kwabo. Daraja a wancan tsari bashi ce da jama'a suke bai wa mutum, shi kuma yana biya da hidima. Wayar miliyan biyu kuwa, ina haƙƙin maƙwabci a cikinta? A kulle take da yatsan mai ita ko fuskarsa, amfaninta nasa ne shi kaɗai, abin da ya rage wa saura shi ne kallo. An karɓi girmamawa, ba a biya komai ba.

Na biyu, alamar da ba ta cika yin ƙarya ba, domin a unguwa an san asalin kowa da sana'arsa, doki kuma ba ya ɓoyuwa, dawa da ciyawarsa na kullum sun isa su tona asirin wanda ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Waya kuwa ana iya aro ta don zuwa zance ko ɗaukar hoton biki, ana iya sayen tokumbo wadda wani ya gama yayinta a Ingila ko Amurka, ana iya karɓar ta bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan, ana iya ba da tsohuwa a yi ciko da kuɗin makaranta, akwai ma waɗanda ake sauya wa tsohuwa riga don ta yi kama da sabuwar fitowa. Mizanin da kowa zai iya danna masa yatsa ya daina zama mizani, amma abin takaici shi ne har yanzu da shi muke awo.

Saboda haka nake ganin mun daɗe muna ɗora laifi inda bai fi nauyi ba. Muna yi wa saurayi wa'azin riya da almubazzaranci, muna yi wa budurwa faɗan kwaɗayi, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya koya wa yaron nan cewa in ya fito da ƙaramar waya a cikin abokai za a yi masa dariya? Wa yake tashi ya ba mai babbar waya kujera a wurin ɗaurin aure, ya bar malamin firamaren da ya koyar da rabin unguwa a tsaye? Uwa nawa ce 'yarta ta shigo da wayar da ta fi kuɗin abincin gidan na shekara, ta karɓa ta juya ta tana sa albarka, ba ta tambayi wanda ya bayar ba, ba ta tambayi abin da yake nema ba? A wasu gidaje har ta soma shiga sahun abin da ake sa rai daga manemi tun kafin a kai ga lefe, yaron kirki mai sana'ar hannu kuwa, wanda ya taso da gumin goshinsa, sai a ce bai shirya aure ba. Mai riya ba ya yi sai don akwai masu kallo, mu ne kuma masu kallon. Alƙur'ani da ya kawo ƙissar Ƙaruna bai tsaya ga fitowarsa cikin adonsa ba, sai da ya ambaci waɗanda suka tsaya gefen hanya suna burin a ce su ne, da kuma ma'abota ilimi da suka tsawatar musu.

Da a ce abin ya tsaya ga ɓarnar dukiya, da da sauƙi. Amma Kano ta san kuɗin da take biya da jini. Ƙwacen waya ya kai matsayin da mutum ba ya iya amsa kira a cikin adaidaita sahu bayan magariba sai ya waiga hagu da dama, an soke ɗalibai da ma'aikata da magidanta, wasu sun rasa rayukansu a kan abin da za a sayar da shi a kashe kuɗin cikin mako guda, har a 2023 gwamnatin jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Ba na neman wa ɗan daba uzuri, hukunci ya wajaba a kansa, kuma talauci da shaye-shaye da rashin aikin yi duk suna da kasonsu. Sai dai wayar da aka ƙwata ba ta komawa daji; tana komawa hannun wani da ke son riƙe ta miliyan ɗaya a kan dubu ɗari uku, wanda ya ga arahar, zuciyarsa ta gaya masa dalilinta, ya kau da kai. A shari'a sayen abin da aka sani, ko aka yi kyakkyawan zato, cewa na sata ne haramun ne, kuma mai sayen abokin tarayya ne a cikin zunubin. Ina fata limamanmu na Juma'a za su riƙa faɗar wannan hukunci ƙarara, kamar yadda suke faɗar na riba da na caca.

Ba ina nufin a ƙyamaci kasuwar waya ba, Allah ya kiyaye. Dubban matasa ne ke cin halas a Farm Centre da titin Beirut, masu gyara da masu sayar da caja da marufi da masu saka manhaja, yaran da da dama daga cikinsu da ba don wannan sana'a ba da suna zaune a bakin titi. Kuma gobarar da ta cinye ɗaruruwan shaguna a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025 ta nuna wa kowa yawan gidajen da tukunyarsu ke ɗore a kan wannan kasuwa. Don kare mutuncin waɗannan bayin Allah ne ma ya kamata shugabannin kasuwa su tsananta, kada a karɓi tsohuwar waya daga hannun kowa sai da rasiɗi ko shaidar mallaka, a rubuta sunan mai sayarwa da lambarsa ta ɗan ƙasa da lambar jikin wayar a littafi, wanda aka kama yana karɓar kayan dare kuma a rufe rumfarsa kafin 'yan sanda su zo. Tun daga ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Hukumar da ta iya bin diddigin layi ba za ta gaza toshe wayar da aka kai rahoton sace ta ba, yadda za ta zama ba ta da amfani a kan kowane layi a ƙasar nan, kamar yadda ake yi a Ingila shekaru da dama.

Sauran aikin kuwa na cikin gida ne, kuma ya fi wuya, domin babu dokar da za ta yi mana shi. Uba ya san kuɗin wayar da ke hannun ɗansa da inda aka samo su, ya tambaya ko da yaron ya yi gemu. Uwa ta mayar da kyautar da ta fi ƙarfin dalili tun ranar da aka kawo ta, kafin a saba da ita. Waliyyi kuma, idan aka zo neman aure, ya aika a binciko sana'ar yaro da sallarsa da mu'amalarsa da mutane a unguwarsu, a wajen maƙwabta da abokan ciniki da limamin masallacinsu, waɗanda suka san shi tun kafin ya riƙe waya.