Lafiya Daga Tukunya Take Farawa

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu masu girma, ina roƙon ku yi haƙuri in yi magana a kan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, watau abin da ake jefawa cikin tukunyar miya, da abin da ake zubawa cikin kofi. Ra'ayina shi ne, ya kamata mu mai da daddawa da kayan yajinmu na gida mazauninsu, mu rage dunƙulen magi da gahawa. Amma fa mu yi haka da awo da ilmi, kada mu ɗauka kome aka ce na gargajiya ne ya kuɓuta daga aibu.

Duk wanda ya san unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke bakin titin Zariya, wanda aka kafa a 1988. A nan ake wa masu ciwon ƙoda wankin jini, a nan kuma aka fara dashen ƙoda a 2002. Ba nisa da shi ga kasuwar Tarauni, inda masu kayan miya ke jera dunƙule buhu-buhu, daddawa kuwa tana gefe cikin ɗan faranti. Da almuru kuma masu shayi su kafa tebur a bakin hanya, samari su kewaye su, kowa na cewa a ƙara masa gahawa. Mutane suna ganin waɗannan wurare uku ba abin da ya haɗa su, alhali hanya ce guda. Hawan jini yana cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda, yana kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, yawan gishiri kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke hawar da jini.

To, bari mu yi lissafi, tun da an koya mana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙaramin cokalin shayi guda, shi ma ba a tula shi ba. Ƙaramin dunƙule nauyinsa wajen giram 4 ne, kusan rabinsa kuwa gishiri ne. In uwargida ta jefa guda 5 a miyar mutum 5, kowa ya sami wajen giram 2 daga dunƙule kaɗai. In aka yi haka rana da dare, ya zama 4. Ba a zo kan gishirin da ta barbaɗa da hannu ba, ba a lissafa kanwa ba, balle burodi, da taliyar leda, da yajin tsire. Kun ga ke nan an zarce iyaka tun ba a farga ba.

Ba na so a fahimce ni a karkace. Dunƙule ba guba ba ne, kamar yadda wasu ke yayatawa. Wani mutumin Suwizalan, Julius Maggi, shi ya fito da nasa a 1908. A wannan shekarar kuma wani masani na Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romo daɗi, wanda daga gare shi aka sami abin da muke kira farin magi. Masana sun bincika shi, ba su same shi da cutarwa ba in an ci shi daidai misali. Abin da nake kuka da shi abu biyu ne: yawan gishirin da ke tafe da dunƙule, da yadda ya kori abin da ya fi shi amfani daga tukunyarmu.

Abin da ya kora ɗin kuwa ita ce daddawa. Ku dubi irin aikin da ke cikinta. A tsinko 'ya'yan ɗorawa, a fid da garin, a ware kalwa. A dafa kalwar nan dahuwa mai tsawo, wani lokaci kwana guda cur, har ɓawonta ya yi laushi. A surfa, a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a zuba a masaki a lulluɓe, a bar ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. Bayan haka a kirɓa, a mulmula, a shanya. A cikin kwanakin nan na lulluɓi wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke aiki, suna farfasa abin da ke cikin kalwa har ya zama mai saukin narkewa a ciki. Abin mamaki, daga cikin abin da suke fitarwa har da sinadarin nan da Ikeda ya gano. Ashe kakanninmu mata sun daɗe suna yin a masaki abin da masana'anta ta zo tana yi da injuna. Bambancin shi ne, wajen sulusin daddawa abinci ne mai gina jiki, irin wanda ake samu a nama da wake, ga kuma mai. A gidan da nama ba ya shiga sai ran salla, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka daddawar batso, da ake yi da 'ya'yan yakuwa, da ta waken suya.

Turawan da suka zo ƙasar nan da fari ba su raina ta ba. Clapperton ya shigo Kano a 1824, kuma a cikin littafin tafiyarsu da Denham, wanda ya fito a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci daddawa a littafinsa. Likita Dalziel kuma ya tattara sunayen itatuwanmu da Hausa ya buga a 1916. Baƙi sun rubuta, mu masu abu muna toshe hanci. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce daddawa tana da wari, tana cin itace da lokaci, ana kuma tallanta a buɗe cikin ƙura da ƙuda, dunƙule kuwa ga shi a naɗe tsaf, ga arha. Maganar ƙura gaskiya ce, amma maganinta a gyara shanya da ajiya, a rufe, ba a yar da abinci ba. Wari kuma yana kwantawa in ta dahu cikin miya, kowa ya sha miyar kuka ta gwanaye ya shaida. Zancen lokaci kuwa, ai ba kowane gida ke yin daddawa ba tun asali. Sana'ar wasu mata ce a ƙauyuka, kuɗin da aka saya da shi a hannunsu yake tsayawa. Kuma in kalwa tana da daraja, manomi ba zai sare ɗorawar gonarsa ya yi gawayi ba. Itacen nan yana ba da inuwa, yara su sha garinsa, ɓawonsa a yi makuba a shafe soro. Kun ga lafiyar jiki, da ta aljihu, da ta ƙasa, igiya ɗaya ta ɗaure su.

Ban ce a yar da dunƙule yau-yau ba. Harshe abin sabo ne. A rage rabi, a cike gurbin da garin da aka daka a gida: daddawa, da citta, da tafarnuwa, da busasshiyar albasa, da ɗan masoro da kimba, in da hali a haɗa da busasshen kifi. Bayan 'yan makonni baki zai saba. Ɗan gishirin da za a sa kuwa ya zama mai aidin, gama shi ne ke tsare mutane daga maƙoƙo.

Sai maganar kofi. Mu ɗalibai mun fi kowa sanin gahawa, musamman in jarrabawa ta matso. Abin da ke hana barci a cikinta sunansa kafin, shi ne kuma ke cikin ganyen shayi, da goro, da lemunan gwangwani da ake cewa suna ƙara kuzari. Masanan abinci na Turai sun faɗa a 2015 cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, watau wajen kofi 4 ko 5, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: in mutum ya sha, bayan wajen sa'a 5 rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha kofi mai kauri bayan isha'i, har tsakar dare bai rabu da shi ba. Ya kwana ido biyu, ya tashi kai na sarawa, ya sake neman wani kofin. Ilmin zamani kuwa ya tabbatar cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya sayar da barcinsa don karatu, ya zuba ruwa ne a kwando.

Neman madadin gahawa ba sabon abu ba ne a duniya. Da Napoleon ya toshe ciniki tsakanin Turai da Ingila a 1806, gahawa ta yi wuya, mutanen Faransa da Jamus suka koma gasa saiwar wani tsiro suna sha, har yau wasunsu ba su bari ba. Mu ma muna da namu. Kalwar nan tamu in an soya ta an niƙa ana shanta, har Turawa suka kira ta gahawar Sudan. Ƙwallon dabino, da muke tofarwa bayan buɗa-baki, in aka wanke, aka shanya, aka gasa, aka daka, yana ba da abin sha mai ƙamshi wanda ba ya hana barci. Ga dafaffiyar citta da kanumfari da na'ana'a lokacin hunturu, ga ruwan tsamiya da na goruba lokacin bazara, ga kunun gyaɗa mai riƙe ciki da safe. Zoɓo kuwa an gwada shi a birnin Boston na Amurka, aka buga sakamakon a 2010: mutum 65 aka raba biyu, waɗanda suka sha kofi 3 kullum har mako 6 jininsu ya ɗan sauka. Amma zoɓon da aka cika da sukari ya tashi daga magani ya koma alewa. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya ajiye shi don zoɓo, ya gaya wa likitansa abin da yake sha.

Yanzu ga gefe na biyu na maganar, wanda masu kirarin gargajiya ba su cika son ji ba. Ba kome ne na gida ke da lafiya ba. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke hawar da jini a gishiri yana cikinta. Likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun buga bincike a 1978 a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilai, kamar talauci da ƙarancin wani sinadari a jini, amma wannan bai mai da kanwa abin sha da ludayi ba. Rai-ɗore, wanda ke fitowa a kowane juji da damina, ana gasa 'ya'yansa a sha kamar gahawa a ƙasashe da dama, amma ɗanyunsu dafi ne. A 2007 likitoci a arewacin Indiya suka gano su ne ke kashe yaran da ke cinsu, ta hanyar lalata hanta. Ni dai shawarata a bar shi, tun da ga abin da ya fi shi aminci.

Haka kuma yaji. Gyaɗa da barkono in aka ajiye su da danshi sukan yi funfuna, funfunar nan kuwa tana fid da wani dafi da ke jawo dajin hanta. A 1960 aka farga da shi, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa. Wuta ba ta kashe shi gaba ɗaya. Saboda haka mai daka yaji ya tsince gyaɗar da ta ɓaci kafin a yi ƙuli-ƙuli, ya shanya barkono a kan tabarma ba a ƙasa ba, ya bushe ƙayau, ya daka kaɗan-kaɗan, ya ajiye cikin kwalba mai murfi.

To, me ya shafe mu mu da ake horarwa don koyarwa? Gobe za a rarraba mu makarantu, wasu a Tarauni, wasu a ƙauyukan da ɗorawa ke tsaye a kowace gona. Yaro yana duban abin da malaminsa ke ci da sha fiye da abin da yake rubutawa a allo. In ya ga malam yana yatsine fuska ga daddawa, zai koma gida ya raina miyar uwarsa. In kuma ya ji malam yana cewa kowane ganye magani ne, wata rana zai ci abin da zai cuce shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ina roƙon hukumar kwalejin nan abu uku, cikin ladabi. Na ɗaya, a riƙa auna gishiri da dunƙulen da ke shiga tukunyar ɗalibai, a rage su sannu a hankali, a sa daddawa. Na biyu, a darasin kiwon lafiya a kawo kayan nan cikin aji, mu karanta abin da aka rubuta a jikin takardar dunƙule, mu yi lissafinsa da kanmu, gama gani ya kori ji. Na uku, kowane aji ya dasa ɗorawa da tsamiya a filin makaranta, ya yi ɗan lambun yakuwa da na'ana'a. Ɗorawa takan yi shekaru kafin ta yi 'ya'ya, mu ba za mu ci ba, amma na bayanmu za su ci, kamar yadda muka ci na waɗanda suka riga mu.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. Allah ya ba mu ita, ya sa mu amfani jama'armu da abin da muka koya, amin.